Me za mu kira "diagnostic error" na ɗakin jarirai?

Mai Shirin Lafiya: Salam jama'a a taimaka dan Allah, gobe da safe zan naɗi shiri na ranar kare majinyata ta 17 ga Satumba, taken 2025 kan jarirai da yara ne. Ina neman Hausar diagnostic error. Google ya ba ni "kuskuren ganewar asali", ni kaina ban gane ba balle mai sauraro a ƙauye.

Nas: Kuskuren gano cuta. Amma ki sani kashi uku ne fa, ko a ce wata cuta ce alhali ba ita ba ce, ko a makara, ko ba a gano ba sam. Bakwainin da ke kwalba ba ya magana, ƙin kama nono da sanyin jiki da numfashi sama-sama duk za ki gansu ko ƙwayar cuta ce ta shiga jini ko suga ne ya sauka ko ciwon zuciya ne na haihuwa, ga gwajin jinin ƙwayar cuta sai ya kwana ɗaya ko biyu kafin ya fito.

Baban Yara: Ku ce sakacin likita kawai mu huta.

Nas: Haba yallaɓai, sakaci daban kuskure daban. Cutar shawara ma a baƙin jariri ido kaɗai ba ya gane nauyinta, sai an auna.

Malamin Hausa: "Gano" na abin da ya ɓace ne, cuta kuwa ba ɓacewa ta yi ba. Ni na daɗe ina cewa "saɓa-cuta", kamar saɓa lamba. Gajere, Hausa tsantsa.

Ɗan Maradi: Mu nan diyagnostik muke ji a asibiti, ba wanda ya mutu.

Malamin Hausa: Ga shi nan, ku Faransanci mu Turanci, haka za mu kashe harshen da hannunmu.

Ɗan Maradi: Allah gafarta malam, likita da asibiti da ka yarda da su daga ina suka zo? Kuma mu ne ma ba mu gurɓata Hausa ba kamar 'yan Kano.

Baban Yara: Toh fa, an taɓo mu.

Mai Shirin Lafiya: Jama'a gobe ne fa! Malam saɓa-cuta na da daɗi amma sai na ɓata minti guda ina bayani. Zan ce kuskuren gano cuta, inda aka makara kuma jinkirin gano cuta.

Malamin Hausa: Ki je da shi ɗiyata tunda sauri kike, amma ni ban sa hannu ba.