Musayar Waƙa: Ƙaramin Dogon Kuza, Zariya zuwa Bukur

Baba Na-Tasha:
Bismilla zan fara, 'yan uwa ku matso kusa,
Zancen ƙaramin dogon nan da ya tashi Zariya.
Bauchi Light Railway Nasara ya raɗa masa,
Amma garin Bauchi bai taɓa ganinsa ba ko sau ɗaya.
Tudun Jos a lardin Bauchi yake a zamanin,
Lardin ya ara masa suna, wannan ce gaskiya.
Kuza ce ta kira shi, ba gyaɗa ba, ba fasinja ba,
A 1911 aka ɗau diga, aka soma share hanya.
1912 ya kai Rahama, 1914 ya sauka Bukur,
Mil 143 ke nan idan ka ƙirga tun daga Zariya.
To kafin ƙarfe ya zo, ta ina kuza take fita?
'Yar Bukur, ke ce kusa da rami, amsa mini tambaya.

Hajiya 'Yar Bukur:
Baba, ranka ya daɗe, bari in koma farko,
Kan ɗan Adam ne tarago, sunan aikin dako.
A zuba ƙasa a ƙwarya, a juya cikin ruwa,
Yashi ya bi ruwa, baƙar kuza ta kwanta don nauyi da ƙarko.
A shanya, a ɗura a buhu, a ɗora kan gammo,
Kwana da kwanaki a ƙasa har bakin Binuwai, Loko.
Rani ya yi, kogi ya janye, jirgin ruwa ya tsaya,
Buhuna su taru a gaɓa, kamfani ya rasa mai kai saƙo.

Malam Mai Awo:
Hajiya kin kawo dalili, ni awo zan ba ku.
Tsakanin ƙarfe da ƙarfe inci 30 ne, ku duba,
Babban dogon Kano inci 42, ba su zo ɗaya ba.
Inci 12 ɗin nan su suka hana su gaisawa,
Taragon wannan ba zai taka layin wancan ba.
Sai a Zariya a jera su, lebura ya shiga tsakani,
Buhu-buhu a sauke, a loda, ba a tsallake ko ɗaya ba.
Nan buhu ke yagewa, nan lissafi ke ɓacewa,
Nan kwana ke ƙaruwa, kuɗin dako bai ragu ba.
Me ya sa aka zaɓi siriri? Araha, Baba, araha:
Ƙarfe marar nauyi, kwana mai tsini, ba a fasa dutse da yawa ba.
Har kayan tsohon layin Zungeru aka kwaso aka haɗa,
Faɗinsu ɗaya ne, ba a sayi komai sabo duka ba.

Yaya Fayaman:
Malam ka auna ƙasa, ni ga abin da ke cikin wuta.
Soba, Dutsen Wai, Kudaru, tafiya da sauƙi-sauƙi,
Daga Jengre hawa ya miƙe, nan inji ke nishi da haki.
Zariya zuwa Jos hawan ya haura mita 500,
Ƙaramar tukunya, ƙaramin murhu, tururi ba ya kai wa ko'ina da ƙarfi.
Kwal a watsa shi sirara, kusurwa huɗu su samu,
Ka tula shi tsibi guda, iska ta toshe, sai baƙin hayaƙi.
Idonka kan gilashin ruwa, musamman a kan gangare,
Ruwa ya gudu gaba, rufin murhu ya bushe, ya yi zafi.
Akwai toshiyar dalma a wurin, ita ke narkewa da fari,
Tururi ya feso kan wuta, gara haka da tukunya ta yi bindiga a daji.
Raɓar asuba kan ƙarfe, ƙafa ta yi ta juyi a banza,
A saki busasshen yashi. Jiƙaƙƙe toshe bututu yake, ba ya aiki.

Ɗan Autan Zaure:
Iyayena ku gafarce ni, ni na ji an ce,
Tun 1927 aka rufe shi, ko ba haka zancen yake ba ne?

Baba Na-Tasha:
Auta, ka kama wutsiya ka ce ita ce kai.
1927 babban dogo ya hau tudu ta Kafanchan,
Kuza ta juya kudu, Fatakwal ta nufa kai tsaye daga nan.
Mil 10 na Jos zuwa Bukur aka buɗa zuwa inci 42,
Ƙaramin ya tsaya a Jos, iyakarsa ke nan.
1932 gadar Makurɗi ta haɗe gaɓa da gaɓa,
Ba sauke-lodi a hanya, wa zai koma Zariya bayan wannan?
Daga 1927, shekara 30 ya ƙara yana jan 'yan kasuwa da hatsi,
Lori na cin kasuwarsa, a 1957 aka rufe shi, a watan Satumba can.

Hajiya 'Yar Bukur:
Baba, saura baiti guda, kar a bar Bauchi da ƙishi:
1961 jirgi ya iso ta, babba ne, daga Kuru ya taso shi.
Auta, in ka je Jos, gidan tarihi ka nufa,
Tsofaffin kawunan jirgi na nan a ajiye, tafi da tef ka auna faɗin ƙafar da kanka, inci nawa ka gan shi?