Tambaya kan ɗaure tiyo a bakin tukunyar dafa giya

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka ƙware wajen haɗa giyar sha'ir a gida. Tukunyata ta ƙarfe ce marar tsatsa, tana da famfo a ƙasa, inda ƙaramin inji yake jan ruwan tsiro, wato ruwan da aka jiƙa tsiron sha'ir a cikinsa, ya mayar da shi sama ta tiyon silikon mai faɗin rabin inci, domin zafin ya tsaya a digiri 66 a ma'aunin Celsius har tsawon awa ɗaya.

Matsalar ita ce, da zarar tiyon ya ɗauki zafi sai ya yi laushi, ya lanƙwashe a gefen tukunyar ko ya zame waje, ruwa mai zafi ya malale a ƙasa. Idan na danne shi da matsi mai sifirin, sai ya shaƙe ruwan. Idan na sassauta, bakinsa ya nutse ya haƙa rami a cikin tsiron, ruwan ya riƙa bin hanya ɗaya.

Ba na son huda tukunyar sai in ya zama dole. Shin bututun jan ƙarfe da aka lanƙwasa kamar ƙugiya zai riƙe tiyon, murfin kuma ya rufu? Na gode ƙwarai.