Wai ƙwallon nan da ake yi a cikin ruwa, tun yaushe ake gasarta?

Ɗan_Garwa:
Salamu alaikum jama'a. Jiya da daddare muna zaune shagon wani abokina muna jiran ball, mai riƙe da rimot ya yi ta canza tasha har muka faɗa kan maimaicin Olamfik ta Paris 2024, sai ga wasu ƙarti a cikin pisin, wato wurin iyo, da huluna masu rufe kunne suna jifan raga da hannu ɗaya, Sabiya da Kuroshiya, aka tashi 13 da 11 Sabiya ta ci. Nan fa musu ya kaure, mai shagon ya ce ai tsaye suke ruwan iya ƙirji ne, ni na ce wallahi ban yarda ba, muka yi da shi wanda ya faɗi shi zai biya shayin sati guda. Dan Allah wanda ya sani ya raba mu. Kuma wasan sabo ne ko ya daɗe? Sannan abin da ya fi ɗaure min kai, ina Amurka ina Faransa, ya aka yi ƙasashe biyu da ko an haɗa su ba su kai rabin mutanen Kamaru ba su ne a final?

Tsohon_Metir:
Wa alaikumus salam ɗana. Je ka karɓi shayinka. Ruwan ya kai wajen mita 2 kuma doka ta hana taka ƙasa, da ƙafa suke ta juya ruwa a ƙarƙashi don jiki ya tsaya, haka za su yi zango huɗu na minti takwas takwas, mutum bakwai kowane ɓangare har da gola, kuma gola kaɗai ke da izinin kama ƙwallo da hannu biyu. Na koyar da wasanni a lise, wato makarantar sakandare, shekaru da yawa a Ngaundere, wasan nan da ake kira wata folo (water polo) a takarda kawai muka san ta, amma tarihinta na riƙe shi.

Sabo kuma ina! A Birtaniya aka fara ta, kuma tun Olamfik ta 1900 a Paris take cikin gasa, wato ta girmi kofin duniya na ƙwallon ƙafa da shekara 30. Farko Turawan Ingila ne suka yi ta kwashe zinare, 1908, 1912, 1920, Faransa ta ci a gidanta 1924, Jamus 1928, daga nan sai Hangari ta shigo ta zauna daram. Sau 9 suka ci zinare, ba wanda ya kamo su har yau. Uku daga ciki a jere ne, 2000, 2004, 2008, kun ga wannan Olamfik ta Sidni da su Mboma da Eto'o suka kawo mana zinare muka kwana a titi, a garin nan dai su ma 'yan Hangari suka ɗauki nasu a ruwa, mu ba mu ma san ana yi ba.

Batun ƙananan ƙasashe kuwa gado ne. Sabiya da Kuroshiya da Montenegro duk ƙasa ɗaya ce a da, Yugoslabiya, ta ci zinare 1968 da 1984 da 1988, da ta wargaje kowa ya tafi da kasonsa na kociya da kulob, maimakon ƙungiya ɗaya mai ƙarfi sai aka samu uku. Kuroshiya ta ci 2012, Sabiya ta ci 2016, ta ci Tokiyo, ta ƙara da wanda kuka gani. A can yaro yana tashi ya ga pisin a unguwa da kulob mai biyan albashi da tsohon ɗan wasa yana koyarwa, to me zai hana.

Bakusiri:
Malam Allah ya ƙara lafiya, amma ka tsallake wurin da labarin ya fi daɗi. 1956 a Melbon ta Ostireliya. A watan Oktoba na shekarar mutanen Hangari suka yi bore wa mulkin kwaminis, farkon Nuwamba tankokin Sobiyet suka shiga Budapest suka murƙushe su, jama'a da yawa suka mutu, kuma wai sai ga shi ranar 6 ga Disamba an haɗa Hangari da Tarayyar Sobiyet a cikin ruwa ɗaya!! Ka san ba wasa za a yi ba. Naushi da shuri ta ƙasan ruwa inda alƙali baya gani tun daga farko, Hangari na gaba da ci 4 da nema, saura kamar minti ɗaya wani Valentin Prokopov ya zabga wa Ervin Zador naushi a ido, yaron ya fito jini na zuba a fuska, 'yan kallo suka taso kamar za su faɗa ruwan sai da 'yan sanda suka shiga tsakani aka tsayar da wasan a haka. Zador bai iya buga na ƙarshe ba saboda idon, duk da haka suka doke Yugoslabiya 2 da 1 suka ɗau zinare, shi kam bai koma gida ba Amurka ya wuce. Ni tun da na ga hotonsa na daina cewa wasan 'yan hutu ne.

Mai_Kwalekwale:
Hhhh ku dai ku ba ni yaran Kotoko da Musgum guda bakwai daga bakin kogin Logon, wata shida kawai, wlh sai mun je Olamfik. Yaran da ke tsallake kogi da kaya a ka ne za a gaya wa iyo? Ku 'yan Garwa kam ku bari, a Binuwai dorina ce za ta tsaya muku gola.

Tsohon_Metir:
Mai kwalekwale iyon kogi daban wannan daban, a kogi gaba kake tafiya, nan kuwa tsayuwa za ka yi wuri ɗaya ka ɗago har cibiya ka yi jifa alhali wani ƙato mai kilo 100 ya danne maka kafaɗa. Amma ban raina yaranka ba, a Hangari akwai Oliver Halassy da ya rasa ƙafa ɗaya daga ƙasan gwiwa tun yana yaro kuma ya ci zinare 1932 da 1936. Abin da babu shi ne ruwan da za a yi atisaye a ciki kullum, pisin namu yawanci na otal ne kuma ka san kuɗin shiga. Afirka dai Masar ta je Atina 2004, Afirka ta Kudu ta je Tokiyo, duka biyun ba su yi nisa ba.

Na manta ɗazu, ba Olamfik kaɗai ba ce. Akwai gasar duniya da hukumar wasannin ruwa ta duniya FINA ta fara 1973 a Belgrad, akwai kuma kofin duniya da aka fara 1979, shi ma a Yugoslabiya, kuma duka biyun na farkon Hangari ce ta ɗauka. FINA ɗin yanzu sunanta World Aquatics.

Ɗan_Garwa:
Na gode Baba, Allah ya saka da alheri. Na nuna wa mai shagon amsarka, ya karanta sau biyu ya ce shi dai sai an kawo masa tef ya auna zurfin da kansa. Shayin yau dai na sha, na gobe ne ban sani ba.