Alƙalin wasan Mafiya yayi mana ƙarya wai dabara ce, haka ake yi?

Abba_Kabuga:
Salam jama'a. Dan Allah waɗanda suka san wasan Mafiya ku raba mana gardama. Muna da gurup a WhatsApp, yawanci 'yan BUK ne sai wasu abokai dake sai da waya a Farm Centre, bayan isha'i muke bugawa. Jiya mu 13 ne, mafiya 3 masu fitar da mutum a ɓoye da dare, likita ɗaya mai kare mutum daga gare su, ɗan sanda ɗaya mai bincikar ko wani mafiya ne, sauran mutanen gari masu ƙuri'ar fitar da wanda suke zargi da rana, haka alƙali mai gudanar da wasan ya rubuta da hannunsa kafin a fara. Ni aka bawa ɗan sanda. Daren farko na tura wa alƙali sunan wani ta inbos nace a bincika min shi, ya dawo min da amsa wai mafiya ne, gari na wayewa na fito na bayyana kaina na ja mutane aka yi ƙuri'a aka fitar da bawan Allah, ashe shine likitanmu. Daga nan kowa yace ni maƙaryaci ne aka fitar dani, mafiya suka cinye wasa ba wahala. Sai da aka gama alƙali yace wai ni ɗan sanda ne mai taɓin hankali, duk amsar da zai bani juyayya ce, kuma wai da ya faɗa tun farko wasan ba zai yi armashi ba. Har yanzu wanda aka fitar ɗin baya amsa min magana. Wannan wasa ne ko zalunci?

Ummi_Hotoro:
Wa'alaikassalam Abba. Gaskiya matsayin ba shi ya ƙirƙiro ba, tsofaffin masu wasan nan a intanet sun daɗe da shi, akwai ɗan sandan da amsarsa ke juyewa, akwai wanda kowa ya bincika sai ace masa mafiya ne, akwai kuma wanda kowa sai ace masa mutumin kirki ne. Amma fa can idan alƙali zai iya yiwa 'yan wasa ƙarya sai ya sanar tun wajen ɗaukar suna, mai so ya shiga wanda baya so ya jira wani. Naku ya rubuta ɗan sanda ɗaya kawai, kenan kun shiga wasa ɗaya shi yana gudanar da wani daban. Shi wasan tun da Dimitry Davidoff ya tsara shi a jami'ar Mosko a 1986 tushensa ɗaya ne, tsiraru da suka san juna suna karawa da masu yawa da basu san komai ba. To masu yawan nan da me zasu dogara in ba maganar alƙali ba?

Sadiq_Gwale:
Ƙanina kayi haƙuri, an cuce ka. 'Yan wasa su yaudari juna wannan kowa ya sani kuma da yardarsa ya zauna, shi yasa mu a namu muka hana rantsuwa da Allah kwata-kwata, duk wanda yace wallahi ni ba mafiya bane ya fita ko da gaskiyarsa, saboda kar a maida sunan Allah abin wasa. Amma alƙali ba ɗan wasa bane, amana aka bashi. Hadisi ne a Sahihu Muslim, wanda ya ha'ince mu baya tare damu, kuma ban ga inda aka ce banda wajen wasa ba. Abinda ma yafi damuna, wa ya tabbatar tun farko ya tsara hakan? Idan yaga abokinsa na cikin mafiya ana dab da kama shi fa sai ya juya amsar, daga baya ya nemo mata suna?

Khalifa_ZooRoad:
Yaya Sadiq ban ƙi taka ba amma kar a yanke wa mutum hukunci da zato. Ni ina gudanarwa, kuma wlh idan ɗan sanda ya fito rana ta farko likita yana kare shi kowane dare wasan ya mutu, mafiya sai dai su zauna ana tsince su ɗaya bayan ɗaya. Dole a sa wani abu da zai sa ɗan sanda ya riƙa shakkar amsarsa. A Blood on the Clocktower ma, wani wasa irin Mafiya, akwai mashayi, mutum yana zaton yana da matsayi alhali bayanin da ake bashi zai iya zama na ƙarya, kuma mutane suna son wasan sosai.

Ummi_Hotoro:
Khalifa ai ka kawo hujjar da ta kayar da kai. A wancan wasan mashayin yana rubuce a takardar matsayai da kowa ke riƙe da ita, kowa ya san zai iya kasancewa shine. Da alƙalinsu Abba ya ƙara layi ɗaya yace ɗan sanda zai iya zama mai juyayyar amsa, da Abba ya fara gwada wani dare na biyu kafin ya fito, kuma babu mai cewa uffan.

Nura_Rijiyar_Zaki:
Mu ga yadda muka kashe wannan rigimar. Kafin a fara alƙali zai tura jerin sunaye da matsayin kowa da duk wata ɓoyayyar doka ga mutum ɗaya da baya cikin wasan, shi kuma ya ɗauki sikirinshot nan take, don WhatsApp yana bari a gyara saƙo cikin minti 15 kuma ana iya gogewa. An gama wasa sai a watso hoton a gurup kowa ya gani da lokacinsa a jiki. Rabon matsayi kuma da ƙuri'ar takarda ake yi a ɗauki bidiyo, ba alƙali ya zaɓi wanda ransa ke so ba. Sannan in ance dare ya rufe ƙarfe goma to ya rufe, wanda sabis ya yanke masa ko caji ya ƙare sai haƙuri ko ƙanin alƙali ne.

Abba_Kabuga:
Nagode ƙwarai. Na tura wa alƙalin maganar Anti Ummi da tsarin Nura, yace ya yarda da mai riƙe jerin amma shi har yanzu baya ganin yayi laifi. Ni dai nace bazan sake shiga wasan da yake alƙalanci ba sai ya faɗa a gurup cewa amsar da na kawo daga wajensa ta fito, don likitan ya san ba sharri na ƙulla masa ba. Malam Nura, shi mai riƙe jerin ana barinsa ya zauna cikin gurup yana kallo ko cire shi kuke har a gama?