Farin abu a ganyen latas: abin da manoman lambun Dzorwulu suka ce

Masu lambu a Dzorwulu, nan Accra, sun tattauna kan farin abin da ke hawa ganyen latas, kuma shawarar farko ita ce a goge shi da yatsa kafin a sayi magani. In ya tafi, ganyen ya fito kore shar, to ƙurar hunturu ce, ko gishirin ruwan ban-ruwa, ko ragowar feshi.

In ya barbazu kamar gari a kan ganye, yana yaɗuwa daga kai zuwa kai, funfuna ce. Wadda ta fi tsorata dattawa kuwa ita ce ta damina: saman ganye ya yi ɗigo-ɗigo rawaya, ka juya shi ka ga farin gashi-gashi a ƙasa. Danshi da raɓa ke kawo ta, shi ya sa suka hana ban ruwa da yamma. A ba da ruwa da sassafe, a gindi, a rage cunkoso iska ta ratsa, a tsinke ganyen da ya kamu a fitar da shi daga lambun.

Ga mai kama da gari, wasu na fesa man darbejiya, wasu ƙaramin cokali na bekin soda cikin lita 1 na ruwa, bayan rana ta yi sanyi.

Ni dai abin da ya fi damuna shi ne mai fesa maganin kanti yau, gobe ya kai latas ɗin kasuwar Agbogbloshie. Latas ɗanye ake ci. A cika kwanakin da aka rubuta a jikin kwalba kafin a yanka.