Tun da bidiyonmu ya ƙone TV ɗin falo ce kawai ke nuna hoto, yaya zan raba wa sauran ɗakuna?

MaiGida_Rikkos:
Assalamu alaikum jama'a, don Allah waɗanda suka san harkar waya da TV ku taimaka min da shawara. A Rikkos nake cikin Jos, TV uku ne a gidan, ɗaya a falo ɗaya a ɗakin Hajiya mahaifiyata ɗaya a ɗakin maiɗakina. Tun da daɗewa wani mai gyara ya ja mana waya ta cikin silin daga falo zuwa ɗakunan nan biyu, komai ta tsohon bidiyo mai kaset yake bi, eriya a jikinsa take, DVD da dikodar satilayit ma ta bayansa aka jona, to duk abin da aka kunna a falo kowa zai kamo shi a ɗakinsa a lamba ɗaya, sauran lambobin kuma NTA da PRTV kowa ya canza abinsa. Da aka koma dijital sai na sayi akwatin FreeTV guda ɗaya na ajiye a falo, bidiyon ya ci gaba da tura hoton ɗakuna ba matsala, har daminar da ta wuce aka yi wata tsawa ya ƙone. Yanzu na sa sabuwar filasma a falo tana aiki lafiya amma ɗakuna sai yayyafi da shuuu. Hajiya ba ta cewa komai amma na san tana kewar tafsirinta ga azumi na matsowa. Kuma ina so in da hali a riƙa ganin kyamarar ƙofar gida daga ɗaki. Wani yaro ya ce min wai tsohuwar waya ba ta ɗaukar dijital sai an cire duka an sa sabuwa, gaskiya ne ko so yake ya ci kuɗina?

Mai_Gyara_Terminus:
Wa alaikumus salam Alhaji. Kar ka bari kowa ya taɓa maka silin tukuna. Waya ba ta san analog ba ba ta san dijital ba, abin da aka zuba mata shi take kaiwa, in dai ba ta ruɓe ba ko ɓera bai ci ba to tana nan da ranta. Tun da aka ƙaddamar da dijital ɗin nan a Jos ranar 30 ga Afrilu 2016, mu ne ma farko a ƙasar kafin Abuja a Disamba, nake jin wannan maganar a bakin mutane. Abin da aka canza shi ne yadda gidan TV ke watso shiri ta iska, ya koma DVB-T2, shi ya sa tsohuwar TV ba ta gane shi sai da akwati. Amma abin kama analog da ke cikin TV ɗinka yana nan ba wanda ya kashe shi.

Ka gane aikin da bidiyon nan yake maka ba kallon kaset ba ne, shi ne yake karɓar hoto ta jak uku ɗin nan, rawaya da fari da ja, ya mayar da shi kamar ƙaramar tasha ta cikin gida ya tura ta waya. Akwai ɗan akwati da wannan ne kaɗai aikinsa, mojuleta muke ce masa, bai fi tafin hannu ba, ka zaga shagunan kayan lantarki na Ahmadu Bello Way za ka samu. Ka nemi wanda ake zaɓar lamba a jikinsa daga 21 zuwa 69. Tunda kayanka da yawa sai ka haɗa da suwicin AV, wato abin da ke zaɓar na'urar da za a nuna, DVD da dikoda da kyamara duk su shiga suwicin, shi kuma ya shiga mojuleta, sai a je ɗakuna a yi sikanin na analog.

Amma ni da gidana ne hanya biyu zan haɗa. Tashoshin iska in raba eriyar kanta da siflita, wato ɗan abin da ke raba waya ɗaya zuwa baki da yawa, kowane ɗaki da akwatinsa, saboda Hajiya ta kalli abin da take so ba sai abin da yara suka kunna a falo ba. Mojuleta kuma ya ɗauki kayan cikin gida kawai. Duka biyun za su iya bin waya ɗaya in an haɗa su da kombaina, abin da ke haɗe siginal biyu su bi waya ɗaya, sharaɗin dai ka ba mojuletan lambar da babu tashar dijital a kanta, ka kuma bar tazarar lamba biyu ko uku tsakani, in ba haka ba su biyun za su lalata juna. A ɗaki wayar ta fara shiga akwati ta fita ta ɗaya ramin zuwa TV, in akwatin ba shi da ramin fita sai a sa ƙaramin siflita.

Dan_Dilimi:
Hhhh maganar kombaina ɗin nan kar ka yi wasa da ita wlh. Ni da na yi nawa siflita na juya baya na haɗa eriya da mojuleta don in rage kuɗi, ashe hoton yana hawa sama ya fita ta eriya, kwana biyu sai ga maƙwabcina yana tambayata wai wace sabuwar tasha ce aka buɗe da ba ta nuna komai sai ƙofar gidana da akuyar da ke kwance a dakali. Na ji kunya ba kaɗan ba, Allah ya so ba bidiyon bikinmu aka kunna ba. Sannan Alhaji in ba ka gyara maganar tsawa ba to mojuletan ma zai bi sahun bidiyo, ka san daminar garin nan, da ka ga hadari ya haɗo ta gabas a zare wayar eriya, kashe soket kaɗai ba ya hanawa.

Uwar_Biyu:
Ni dai ba ruwana da waya amma zan faɗa muku ta ɓangaren mu da muke wuni a gidan. Mu ma haka maigidan ya yi mana da farko, dikoda ɗaya TV biyu, wai ya yi dabara. Ina ɗaki ina kallon girki sai kawai in ga ƙwallo, wani ya shigo falo ya canza. In tashi in je in mayar kafin in zauna an sake canzawa. Daga baya ya kawo wani ɗan abu mai kamar ido da ake sakawa kusa da TV ɗin ɗaki wai rimot zai yi aiki daga can, to sai rigimar ta ƙaru tunda yanzu kowa na iya canza wa kowa daga inda yake zaune. Ka saya wa Hajiya akwatinta ita kaɗai Alhaji, dattijuwa ba za ta iya ce wa jikoki su canza mata ba sai dai ta yi shiru ta ja carbinta.

Injiniya_Kubwa:
Ina bin zancen daga Abuja. Duk abin da oga na Terminus ya faɗa daidai ne, abu ɗaya kawai zan ƙara don kar ka zo kana cewa an cuce ka, hoton mojuleta irin na da ne, a kan tsohuwar TV mai ƙeya ba za ka ga aibunsa ba amma ranar da ka sa filasma inci 43 a ɗaki za ka ga ya yi dishi-dishi rubutu ma da ƙyar. In kana son hoto tas irin na falo hanyar HDMI ce, siflita na HDMI a falo, sannan tunda wayar HDMI ba ta son nisa, da ta wuce mita 10 zuwa 15 ta fara wasa, sai a sa akwati biyu masu tura shi ta wayar intanet Cat6, yawancinsu suna kai mita 50 zuwa 60. Illarsa sai an ja sabuwar waya kowane ɗaki kuma kowane akwati na son wutarsa, in kuna kan inbata ka lissafa. Akwai kuma mojuleta na dijital mai karɓar HDMI ya tura ta tsohuwar wayar taka amma kuɗinsa ya isa ka sayi wata TV. In DStv kake da shi kuma suna da XtraView da ake haɗa dikoda har uku a kan biya ɗaya da ɗan ƙarin kuɗi duk wata, kowa da rimot ɗinsa.

MaiGida_Rikkos:
Kai Allah ya saka muku da alheri, Hajiya Uwar Biyu kin faɗi gaskiya kamar kina gidan. Jiya na sayo mojuleta da akwati ɗaya na Hajiya. Saura matsala biyu oga, a ɗakin maiɗakina hoton DVD ya fito amma babu murya sai ƙara, TV ɗin 'yar Beljiyam ce. Na Hajiya kuma akwatin ya kamo tashoshi amma hoton yana tsayawa yana fashewa ƙwalaye-ƙwalaye, alhali a falo lafiya lau.

Mai_Gyara_Terminus:
Ta farko mai sauƙi ce. Yawancin 'yan Beljiyam da suka fito daga Ingila tsarin sautinsu I ne, mojuletan kuma ina zaton a kan B/G ya zo, ka shiga menu na TV wajen sauti ka mayar B/G, in ba ta da shi ka juya mojuletan ya koma I sai ka daidaita sauran TV ɗin da shi.

Ta biyu kuma siginal ne ya yi rauni. Dijital ba kamar analog ba ne da za ka lallaɓa ka kalla da yayyafi, shi ko ya zo duka ko ya tsaya. Siflita mai baki biyu yana raba ƙarfin gida biyu, wajen dB 3.5 ke tafiya a ma'aunin ƙarfin siginal, mai baki huɗu wajen 7, to in mai huɗu ka saya kana amfani da uku ka ga asara, ga nisan ɗakin Hajiya. Kafin ka sayi busta mai ƙara ƙarfin siginal fara duba kan wayar, in irin wanda aka murɗa aka naɗe da salatif ne a yanke a sa kan F mai zare, rabin aikin da ake kirana a kai ke nan. In eriyarka mai cin wutar 5V ce daga akwati ka tabbata siflitan mai barin wuta ta wuce ne, an rubuta a jikinsa. In duk ka yi bai daina ba sai busta, kuma kusa da eriya ake sa shi kafin a raba, ba a ɗakin Hajiya ba, can ƙarshen waya datti kawai zai ƙara wa ƙarfi. Ka shiga menu na akwatin ka ga inda aka nuna layi biyu, ƙarfi da inganci, ka turo min lambar da na biyun ke nunawa a falo da kuma a ɗakin.