Gyambon lishmaniya ga mai juna biyu: me za mu yi?

Assalamu alaikum. Don Allah likitoci da waɗanda suka taɓa fama da wannan cuta, ku taimaka mana da shawara.

Matata ce ke da wani gyambo a damtse. Da farko kamar kurjin cizon sauro, sai ya fashe, bakinsa ya yi tudu, tsakiya ta lotsa tana ɓawo. Ba ya mata zafi ko kaɗan, shi ya sa bai tayar mana da hankali da wuri ba. Maganin ƙwayoyin cuta bai taɓa shi ba. Da aka kankaro gefensa aka duba a madubin likita, aka ce lishmaniya ce ta fata, wadda macen ƙudan yashi ke yaɗawa, ɗan ƙwaron nan da bai kai sauro girma ba.

Matsalar ita ce tana da ciki. An ce ƙwayar miltefosin na illata ɗan tayi, allurar antimoni ma ba a son ba mai ciki. Wani likita ya ce a bari sai ta haihu, wai yakan warke da kansa ya bar tabo. Ni dai hankalina bai kwanta ba, don kullum faɗi yake ƙarawa.

Shin gasa wurin da na'urar zafi ko daskarar da shi ba zai cutar da cikin ba? Kuma ta fata tana iya rikiɗa ta zama irin mai kama saifa da hanta?